Zadok Finch, Mai Yawo da Gida

Duk wanda ya tashi a tsibirin Coggin ya san farin gidan nan mai bene da ke kan tudun kwatar jiragen ruwa, wanda ƙofar gabansa ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Baƙi sukan ce kafintan ne bai iya aiki ba. Ƙazafi suke yi masa. Wanda ya sassaƙa gidan nan gwani ne, kuma ya yi shi ne don ya zauna wuri ɗaya har jikoki. Kuskurensa guda ne: ya ɗauki 'yarsa Ketura ya ba Zadok Finch, ya kuma haɗa masa da gidan.

A wani garin masunta da ke kudu da Boston aka haifi Zadok, ɗan mai yin gangunan kifi. Tun yana ƙarami ya lura ganga ba ta azurta mai yin ta, sai mai abin da ke ciki. Don haka ya watsar da sana'ar ubansa ya buɗe kanti, yana sayar da gishiri da igiya da ganyen shayi da giyar rake. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa ta fi ƙarfin jikinsa. Baiwa ɗaya Allah ya yi masa: in ya shiga ɗaki, kafin ya cire hula ya riga ya gane wa ya fi kowa a ciki. Da wannan baiwar ya samu kwangilar kai wa sojojin Sarkin Ingila nama da fulawa.

Gidan kuwa babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a ƙashinsa. Uban Ketura ya fere kowane gungume ya zura shi cikin ɗan'uwansa, ya soke su da ƙusar itace. A cikinsa Ketura ta haifi 'yarta ta fari, Lois, a cikinsa kuma zazzaɓi ya ɗauke yarinyar tana fara magana. Aka binne ta a bayan coci, inda uwar ke hango dutsen kabarin in ta fita shanya.

Da mutanen ƙasar suka yi wa Sarki tawaye, dattawan garin suka kafa tebur a ɗakin taro, suka ce kowane magidanci ya zo ya ɗaga hannu ya rantse ya fita daga mubaya'ar Sarki. Wanda ya yi, ya zauna lafiya da iyalinsa da dukiyarsa. Zadok ya ƙi zuwa.

"Mista Finch," in ji Ketura, don haka take kiransa har a cikin ɗaki, "hannu fa kawai suka ce ka ɗaga. Babana ya ɗaga, ga shi can bai mutu ba."

"Babanki kafinta ne. Ni akwai amanar Sarki a wuyana. Ke mace, me kika sani game da amana?"

Daga baya, in ya sha ya yi ɗumi, yakan ba da labarin yadda 'yan tawaye suka kewaye shi da tukunyar kwalta da gashin kaji za su shafe masa jiki da su, shi kuwa ya tsaya ƙyam yana yi wa Sarki addu'a. Mu da muka ji daga bakin matarsa mun san iyakar abin. An fasa masa taga ɗaya, an kuma jefe shi da ruɓaɓɓen kifi, kifin ma bai same shi ba. Sai dai ciniki ya tsaya cak, don ba mai taka kantin ɗan Sarki, kamar yadda ake kiran masu goyon bayan Sarkin. Ana cikin haka aka ji sojojin Sarki sun kafa sansani can gabas a bakin kogin Penobscot, kuma wai ko yaya yaƙi ya ƙare, wannan kogin ne zai zama iyaka. Zadok ya yi hayar jirgin ruwa, ya ce a warware gidan a tafi da shi.

Ba wanda ya san kan gidan sai wanda ya yi shi. Tsohon ya zo da gudumarsa. Duk gungumen da ya zare sai ya sassaƙa masa alama, ya sassaƙa irinta a ramin da ya fito, don baƙin hannu su iya mayarwa. Ketura tana tsaye tana kallon ɗakin da ta yi naƙuda a ciki yana komawa tarin katako. Abin da ya rage a filin shi ne murhu da dogon bututun hayaƙinsa na dutse, don shi ba ya hawa jirgi. Ranar tashi tsohon bai zo kwata ba. Ba ta sake ganinsa ba, ba ta kuma sake ganin kabarin Lois ba.

A Penobscot kakar Zadok ta yanke saƙa, don soja ba ya rabuwa da ƙishirwa. Aka ta da gidan a gaɓar gabas. Ketura ta dasa tuffa biyu a baya, ta haifi Asa, ta haifi Enoch. Asa ya kai yana bin ta rijiya riƙe da bakin rigarta, sai agana ta shigo gari cikin wani jirgin soja, ta ɗauke shi. Tsakiyar sanyi ne, ƙasa ta daskare, sai da aka hura wuta a gindin tuffar ta ci ta cinye kafin diga ta shiga.

Sannan manya suka zauna can ƙetaren teku suka yi sulhu, suka ja layi a takarda. Layin ya bi ta wani kogi daban can gaba, ya bar Penobscot da duk 'yan Sarkin da ke bakinsa a hannun 'yan tawaye. Sarkin da aka rabu da uba da kabari dominsa bai ma san an halicci wani Zadok Finch ba. Son maso wani ƙoshin wahala. A kakar nan garin gaba ɗaya ya ɗauki guduma, ba ka jin komai sai ƙwas, ƙwas, gidaje suna sauka suna hawa jirage.

Masu hankali suka nausa can cikin ƙasar Sarki inda ba gardama. Zadok kuwa ya zaɓi Coggin, wanda ke zaune a tsakiyar ruwan nan namu, Sarki na cewa nasa ne, 'yan tawayen, da yanzu ake kira Amurkawa, na cewa nasu ne. Ya ce ya zo ne ya tsare wa Sarki bakin iyaka. Bai ambaci cewa daga kwatar Coggin mai kwalekwale yana iya kai ganga gaɓar Amurka ya dawo kafin ruwa ya janye ba.

Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe, Ketura ta dafa bakin ƙofa ta tare shi.

"Mista Finch, wannan ne na ƙarshe. Na bar ɗaya a bayan coci, na bar ɗaya a gindin tuffa. Ba ni da sauran abin bari."

"Muddin ƙasar nan ta Sarki ce, ba inda za mu."

"In ta tashi daga ta Sarki fa?"

"Kada ki yi mana mugun baki."

Ta gane amsar. Tun daga ranar, shekara talatin da ɗoriya, duk jirgin da ya shigo da zancen iyaka sai ta ɗaga kai ta dubi gungumen rufi.

Shi kuwa sai hawa yake yi. Gwamnan lardi ya naɗa shi alƙalin tsibiri, ba don ya san doka ba, sai don shi kaɗai ke da hular gashi irin ta alƙalan Turawa da ɗaki mai kujeru. Ya hana a kira shi komai sai Yallaɓai. Ya tara masunta ya ce su ne dakarun Sarki, shi ne kyaftin, yana sa su maci a kan yashi da sandunan tuƙa kwalekwale a kafaɗa kamar bindigogi. Ranar haihuwar Sarki yakan tsaya a bakin kanti ya ɗaga kofi ya yi kuka da hawaye na gaske. Duk wannan a rana mai haske ne. Ranar da hazo ya rufe teku kuwa, kwalekwalensa ne ke fara sulalewa zuwa tsakiyar ruwa, inda jiragen Amurkawa ke jira da fulawa.

Abin da ya fi ba shi haushi a duniya shi ne ƙananan 'yan fasa-ƙwauri, don suna ɓata masa farashi. Wata safiya aka gurfanar masa da Peleg Tarr, wani masunci da 'yan Sarki suka tarar a tsibirin, mutumin da bai taɓa damuwa da tutar da ke sama ba muddin akwai kifi a ƙasa.

"Peleg Tarr, an kama ka da fulawar 'yan tawaye wadda ba ta bi ta kwastan ba. Me za ka ce?"

"Ranka ya daɗe, ganga ɗaya ce tal, ta bakin yara."

"Doka ba ta san yaranka ba."

"Gaskiya ne, Yallaɓai. Amma ita gangar ta san 'yan'uwanta. Jirgi ɗaya ya kawo su da waɗanda ke ƙarƙashin kujerarka. Ni ma na sauke maka su, in ka manta. Bayana dai bai manta ba."

Ɗakin ya kece da dariya. Zadok ya yi ja har kunne, ya ci Peleg tarar raina kotu, ya ƙwace gangar da sunan Sarki. Kafin la'asar tana kanti an fasa kanta ana awo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sau biyu ya nemi kujerar majalisar lardi. A zamanin, da baki ake zaɓe, kowa ya hau dandamali ya faɗi sunan gwaninsa jama'a na ji. Zadok ya yanka alade, ya fasa gangar giya a bakin kwata. Masunta suka ci, suka sha, suka yi masa kirari har muryarsu ta dishe, sannan suka hau ɗaya bayan ɗaya, suna gyatsar giyarsa, suka kira sunan abokin takararsa. Ya ce jinin tawaye ne bai fita daga jikinsu ba.

Enoch ya girma dogo, mai shiru, hannunsa irin na kakansa. Kafinta yake so ya zama. Uban ya ce ɗan alƙali ba ya riƙe zarto, amma bai ga aibu ba ɗan alƙali ya tuƙa masa fulawa cikin hazo, don bare yana iya tona asiri. Wata safiya a farkon sanyi aka labta wa kwalekwalen kaya har ruwa ya kusa bakinsa. Enoch ya ce a jira igiyar ruwa ta kwanta. Uban ya ce mai saye ba ya jira. Bayan kwanaki ruwa ya mayar da gawar kan duwatsun arewa. Ketura ta ce ba za a kai shi maƙabartar cocin ƙetare ba, a nan bayan gida za a sa shi, daidai tagar madafa. Zadok ya sa limamin coci ya faɗa wa jama'a yaron ya rasu ne a bakin aikin Sarki, ya kuma sa aka sassaƙa kambin sarauta a kan dutsen. Na ga marasa kunya a rayuwata, amma ban ga na biyunsa ba.

Za ka ce me ya zaunar da matar nan? Ai ta san shi ciki da bai. Ta san haɗamarsa, ta san tsoronsa, ta san ƙaryar kwalta da gashin kaji. Amma akwai abu ɗaya da ta riƙe gam. Ta yarda cewa a cikin duk wannan tarkacen, son Sarkin nan gaskiya ne. Wauta ce, ta sani, amma tasa ce har zuci. In Lois da Asa suka faɗo mata a rai tana tsakiyar wanki, da wannan take lallashin kanta: an bar su ne saboda wani abu da mutum ya yi imani da shi. Ba don haka ba da tuni zuciyarta ta buga.

Aka sake yaƙi tsakanin Sarki da Amurkawa, aka sake sulhu, aka kuma naɗa waɗansu manya su raba tsibiran ruwan nan kowa ya san nasa. Suka yi shekaru suna ci suna sha suna duba taswira. Wata ranar kaka jirgin wasiƙu ya shigo, matuƙin bai ma gama ɗaure igiya ba ya ɗaga murya ya ce Coggin ya faɗa rabon Amurka. Da bazara za a sauke tuta.

Masunta suka ɗaga kafaɗa suka koma gyaran koma. Zadok kuwa ya sa hular gashinsa, ya hau kan wata ganga a bakin kwata da taimakon mutum biyu, ya yi jawabi. Ya ce shi da ya bar garin haihuwarsa, ya bar Penobscot, ba zai kwana ko dare ɗaya ƙarƙashin tsumman 'yan tawaye ba. Ya ce ko da haƙoransa ne zai zare ƙusoshin gidansa. Wani daga baya ya tambaya ko waɗanne haƙoran, aka yi dariya, bai ji ba.

Ketura tana jin sa daga tudu. Ba ta yi gardama ba wannan karon, don ta tsufa, kuma ta san abin da ke zuwa. Ta jawo akwatunan nan da suka yi tafiya biyu, ta fara shiri tun sanyi bai shigo ba. Ta naɗe kwanonin tangaram cikin tsummoki. Ta ninke zannuwan gado da labule, ta sa ganyen ƙamshi a tsakani. Duk akwatin da ya cika sai ta zauna a kai ta ɗaure shi da igiyar jirgi, ɗaurin da Enoch ya koya mata. Da ta gama da na bene sai ta gangara bakin ruwa wajen Peleg, wanda shi ma yanzu ya tsufa ya ranƙwafa, yana zaune yana tsaga kifi.

"Peleg, tambaya na zo yi. Akwatin gawa da ya daɗe a ƙasa, yana ɗaukuwa?"

Ya ajiye wuƙa. "Goggo Ketura, Enoch kike nufi?"

"Biyu na bari. Wannan ba zan bar shi ba. In katakon ya ruɓe, ko a bargo ne a naɗe mini shi."

"In ta kai ga haka, ni da 'ya'yana za mu tone miki shi da hannunmu, ba sai kin roƙa ba. Amma ki kwantar da hankalinki. Yallaɓai ba ya zuwa ko'ina."

"Ba ka ji shi a kan ganga ba?"

"Na ji, har ƙetare ma sun ji. Goggo, dubi kwatar can tasa. Dutse ne aka zuba. Gida yana hawa jirgi, kwata ba ta hawa."

Abin mamaki, sai ranta ya ɓaci. Ita da ta yi shekara talatin tana addu'ar kada a taɓa gidan, ita ce ta tsaya tana kare mai warware shi.

"Ku faɗi duk abin da za ku faɗa a kansa, yawanci ma gaskiya ne. Amma zancen Sarki, ba ku san shi ba. Ni na ga abin da ya bari saboda shi."

"Allah ya ba ki haƙuri, Goggo. Bakina ne ya yi tsawo."

Da ƙanƙara ta fara narkewa, Zadok ya sa Peleg ya tuƙa shi zuwa babban garin da ke gaɓar Sarki, ya nemi filin da zai kafa gida. Daga bakin Peleg muka ji yadda ta kaya. Ya shiga ofishin filaye da hular gashi da sanda, ba wanda ya miƙe. Samarin da ke kan kujerun an haife su ne bayan tawayen, labarin kwalta da gashin kaji bai dame su ba. Ɗaya ya kira shi Mista Fitch, ya gyara masa, ya sake kiransa Mista Fitch. Filayen bakin ruwa duk an raba su tun zamanin iyayensu. Abin da ya rage wani fili ne a bayan gari, cikin fadama, inda sauro ke da sarauta. Da ya taɓo zancen kujerar alƙali, aka ce masa suna da alƙalai har sun yi musu yawa. Peleg ya ce duk tsawon hanyar dawowa Yallaɓai kwatarsa kawai yake kallo tana matsowa.

Bai faɗa wa Ketura ko kalma ba, ita kuma ta ɗauka baƙin cikin rabuwa ne ya ɗaure masa baki. Har tausayinsa ta ji.

Sai ga jami'in Amurkawa ya sauka da tutarsa a naɗe a hammata. Ya kafa tebur a ɗakin gishirin kifi, ya ce duk wanda ya rantse ya zama ɗan ƙasa, filinsa nasa ne. Za a zaɓi dattawa uku su riƙe tsibirin, kuma kwastan ɗinsu na neman sito a bakin ruwa. Washegari da safe Zadok ya sa rigarsa ta fita, ya bar hular gashin a rataye, ya gangara. Ketura ta ɗauka kafintoci ya tafi nema. Ta sauke tukwane ta sa a akwatin ƙarshe, ta ɗaure, ta fita bayan gida ta zauna kusa da Enoch tana gaya masa kada ya ji tsoro, tare za su tafi.

Da rana ta take ya shigo, fuska a sake, yana murza hannu.

"Me aka dafa? Yunwa nake ji kamar in ci babu."

"Tukwane suna cikin akwati. Yaushe kafintocin za su fara?"

"Waɗanne kafintoci? Kwance kayanki, mace. Ba inda za mu."

Ta dafa tebur. "An mayar wa Sarki tsibirin?"

"A'a, an dai daidaita. Na je na yi abin da ake yi. Albishirinki ma, sun sa ni cikin dattawan nan uku. Sitona kuma kwastan ɗinsu zai kama."

"Ka yi me?"

"Rantsuwar mana."

"Yaya ake yin ta?"

"Yaya kuwa? Ka ɗaga hannu, mutumin ya karanta, ka maimaita."

"Nuna mini."

Ya yi 'yar dariya, ya ɗaga hannun dama daidai kunne, gajerun yatsu masu ƙiba, ya sauke.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ko ƙwai ba zai dahu ba."

"Da ciwo?"

"Ketura, wace irin magana ce wannan? Ba ke ce kullum cikin kukan kada a taɓa gidan ba? To ga gidanki na bar miki, ga ɗanki a bayan taga. In kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza. Maimakon ki gode wa mutum!"

"Zadok."

Ya ɗago a firgice, don tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

"A garinmu, ba wannan suka ce ka yi ba?"

"Wancan lokacin daban ne."

"Me ya bambanta shi?"

Yunwa ce ta sa, ko murna ce ta kwance masa harshe, oho. Amma a ranar, karo na farko a rayuwarsa, Zadok Finch ya buɗe baki ya faɗi gaskiya tsirararta, bai ma san ya faɗa ba.

"Lokacin ai na ɗauka Sarki ne zai ci."

"A Penobscot fa? Lokacin ai an riga an cinye shi."

"To sojoji sun tashi, wa zan sayar wa?"

Ta tsuguna ta kwance akwatin ƙarshe, ta zaro tukunya ɗaya da cokali, ta mayar da igiyar ta ɗaure. Ta dafa masa busasshen kifi da dankali. Ya ci ya ƙara, yana ba ta labarin yadda jami'in ya miƙe tsaye ya ba shi hannu.

Ya yi sauran shekarunsa yana Yallaɓai ƙarƙashin sabuwar tuta, yana kama 'yan fasa-ƙwauri da ke shigo da kayan Sarki, yana saye a bayan fage. Labarin kwalta ya ɓace daga bakinsa, wani sabo ya maye gurbinsa, wai dama can zuciyarsa tana tare da 'yanci. Ya mutu a kan gadonsa da ƙoshi, aka yi masa jana'iza ta manya, har da jawabi.

Ketura ta samu abin da ta roƙa. Ba a sake zare ko ƙusa ɗaya daga gidan ubanta ba, Enoch kuma yana nan inda take ganinsa. Amma ba ta sake rataya labule ba, ba ta sake jera tangaram ba. Tukunya ɗaya, bargo ɗaya, kujera ɗaya a bakin tagar madafa, akwatuna jere a bango a ɗaure. Matan tsibiri suka yi ta cewa su zo su taya ta kwancewa, takan ce su bari tukuna. Ta fi shekara goma a haka bayan mutuwarsa.

Ranar da ta rasu, matan da suka zo wanka suka nemi farin zanen da za su naɗe ta, ba su samu ko ɗaya a waje ba. Ƙullin igiyoyin ya bushe ya ƙi kwantuwa, sai da aka aika gidan Peleg aka aro wuƙar tsaga kifi.